Cika Harsashi da Hannunka: Wane Maharbi Ne Abin Yake Biya?

Idan maharbi ya harba raiful ya ja sakata baya, kwanson tagulla yakan yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa da sauran ɗuminsa. A Amurka da Kanada da Jamus da Finlan da Afirka ta Kudu, maharba da yawa ba sa barin wannan kwanso a ƙasa. Sukan sunkuya su tsince shi, domin cikin abubuwa huɗu da suka haɗu suka zama harsashi, shi kaɗai ne harbi bai cinye ba, kuma galibi shi ne mai tsadar. Sauran ukun su ne albarushi, da kan harsashin da ke fita ya sami dabba, da 'yar ƙaramar ƙyastun da ke gindin kwanso, wadda allurar bindiga ke duka ta ba da tartsatsi. Masu abin suna kiranta firaima. Cika harsashi shi ne mutum ya sayi waɗannan uku daga kamfani, ya gyara tsohon kwanso, ya mayar da shi sabon harsashi a kan teburinsa. Ba ya dama albarushi, ba ya ƙera firaima. Harhaɗawa kawai yake yi, bisa awon da kamfani ya riga ya gwada a ɗakin gwaji.

Abin da kowa ke fara tambaya shi ne ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ga maharbin da ke harba kwali ɗaya ko biyu a shekara da bindiga mai harsashin da ake samu a kowane shago, ba za ta biya ba, kuma gara a faɗa masa tun kafin ya kashe kuɗinsa. Amma akwai waɗanda abin yake biya ƙwarai, kuma ba wuya mutum ya gane ko yana cikinsu.

Doka tukuna

Kafin lissafin kuɗi, a san inda ake tsaye. A Amurka mutum na iya cika wa kansa ba tare da lasisin tarayya ba, amma ranar da ya fara sayarwa ya zama mai ƙera harsashi a idon doka, sai da lasisi. A Jamus sai ka yi kwas ka ci jarrabawa aka ba ka izini a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa kafin a sayar maka da albarushi. A Afirka ta Kudu, dokar makamai ta shekarar 2000 ta yarda mai lasisi ya cika wa bindigar da ke cikin lasisinsa kaɗai, kuma maharbin da ba shi da matsayi na musamman ba ya ajiye fiye da harsashi 200 da firaima 2,400 ga kowace bindiga.

A Najeriya ƙofar a rufe take. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta hana kowa ƙera ko harhaɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar soja, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Lasisin riƙe bindigar farauta bai ba ka izinin cika harsashi ba. Saboda haka wannan bayani na maharbin da ke zaune inda doka ta yarda ne. Wanda ke gida ya karanta don sani, kuma akwai wani gargaɗi can ƙasa game da bindigar toka wanda shi ya fi shafa.

Lissafin da za ka yi da fensir

Ana auna albarushi da giren. Giren ɗaya miligiram 64.8 ne, kuma akwai giren 7,000 a fam ɗaya, wato giram 454. Harsashi matsakaici irin .308 Winchester yana cin giren arba'in da 'yan kai, don haka gwangwanin fam ɗaya zai ba ka kamar harsashi 155. Ana sayar da firaima a faifai na ɗari-ɗari ko kwali na dubu, kan harsashi kuma a kwali na 50 ko 100. Kwanso mai kyau, in ba a matsa masa ba, yakan yi cika biyar zuwa goma kafin ya gaji.

Farashi yana sauyawa, don haka ka sa naka alƙaluman a madadin waɗannan da muka ƙaddara don misali. A ce kwalin harsashin farauta mai 20 dala 40 ne, dala biyu ke nan kowane ɗaya. A ce kan harsashi ya tsaya maka santi 45, albarushi santi 35, firaima santi 10, kwanso kuma dala ɗaya da za ka raba gida takwas, santi 12 ko 13. Ka ga ka cika ɗaya a kan dala ɗaya da ɗan ɗori, ribarka kusan dala ɗaya ce. Idan kayan aiki suka ci maka dala 600, sai ka harba 600 kafin ka mayar da uwar kuɗi. Mai harba 40 a shekara zai jira shekara 15. Mai harba 600 a shekara ya gama mayarwa kafin lokacin farauta na gaba ya zagayo.

Ba mu sa kuɗin lokacinka ba. Harsashi 50 a injin matsi mai aiki ɗaya-ɗaya, daga wanke kwanso har zuwa rubuta takarda, zai ci maka awa biyu ko kusa da haka. Kuma akwai abin da duk mai cika ya sani: da zarar harsashi ya yi araha a hannunka, sai ka ninka yawan harbi. Kuɗin da ke fita daga aljihu ba ya raguwa, amma hannu yana faɗawa, kuma maharbin da ya harba ɗari uku a filin gwaji kafin ya shiga daji ya fi wanda ya harba biyar kusa da kashe dabba da harbi ɗaya ba tare da ya bar ta tana jan jini cikin ƙaya ba. A wurinmu wannan ita ce riba mafi girma, ta fi ta kuɗi.

Lissafin yana juyawa gaba ɗaya idan bindigar babba ce ko harsashinta ya yi wuyar samu. Harsashin ɓauna da giwa, irin .375 H&H na 1912 ko .416 Rigby na 1911, tsadarsa a shago ta ninka ta .308 sau da yawa, alhali kayan cikinsa ba su ninka haka ba. A nan ribar kowane harsashi takan kai dala uku ko fiye, sai ka mayar da kuɗin kayan aiki cikin harbi ɗari biyu. Haka mai tsohuwar bindigar gado da kamfanoni suka daina yi wa harsashi, ko suke yi sau ɗaya a shekara: in bai cika ba, bindigar ta zama ta rataye a bango. A ɗaya ɓangaren, ƙaramin harsashin .22 LR ba a cika shi, domin ƙyastunsa a cikin gefen kwanso yake, harbi ɗaya ya lotsa shi.

Kada kuma ka ɗauka cika harsashi zai raba ka da ƙarancin kasuwa. A 2020 da 2021, lokacin da harsashi ya ɓace daga shagunan Amurka, firaima ma ɓacewa ta yi, saboda kamfanonin da ke yin ta sun karkatar da ita ga nasu harsashin. Wanda ya tsira shi ne wanda ya riga ya ajiye.

Abin da kuɗi ba ya aunawa

Kowane bututun bindiga da halinsa. Biyu da suka fito daga inji ɗaya a rana ɗaya, ɗaya zai tara harbi uku cikin inci ɗaya a yadi 100 da wani harsashi, ɗayan ya watsa su inci biyu da rabi. Mai cika yana iya sauya albarushi, nauyin kai da zurfin zamansa har ya dace da abin da bututunsa ke so. Sai dai a yi gaskiya: harsashin kamfani na yau ya yi kyau sosai, kuma huhun barewa ya kai faɗin faranti. Wanda ba ya harbi nesa da yadi 200 ba zai ga bambancin a kan nama ba.

Inda za a ga bambanci shi ne zaɓin kai. John Nosler ya fito da kai mai shamaki a tsakiya a 1948, bayan wani da ya harba wa ƙaton mus, wata babbar dabba dangin barewa, a Kanada ya tarwatse bai shiga ba. Gaban kan yana buɗewa, bayansa yana riƙe nauyi ya ratsa. Akwai kuma na jan ƙarfe zalla marar dalma, kuma harsashi marar dalma ya zama dole ga duk mai farauta a Kalifoniya tun 1 ga Yuli 2019. Mai cika yana ɗaukar kan da ya dace da dabbarsa ya ɗora a kan kowane kwanso, ko da kamfani bai taɓa haɗa su ba. Yana kuma iya cika mai sauƙin duka ga yaro ko mai ciwon kafaɗa, amma daga awon da littafi ya ware don haka, ba ta hanyar rage albarushi da ka ba.

Kayan aiki

Maharbi ba ya bukatar injin da ke fitar da ɗaruruwa a awa. Injin matsi mai aiki ɗaya-ɗaya, irin Rock Chucker na RCBS ko makamancinsa na Lee, Hornady, Redding ko Lyman, ya wadatar, kuma jikanka zai gāje shi. A ɗaure shi da kusoshi masu noti a tebur mai nauyi, domin matse kwanso ƙarfi yake ci. Kowane nau'in harsashi yana da nasa dayis, wato ƙarafa masu rami da ake ɗaurawa a saman injin: ɗaya yana mayar da kwanso girmansa ya fitar da tsohuwar firaima, ɗaya yana zaunar da kai. Sai mariƙin gindin kwanso, sikelin da ke gane kashi ɗaya cikin goma na giren tare da duwatsun gwada shi, kalifa mai auna kashi ɗaya cikin dubu na inci, abin datse tsawon kwanso da abin goge bakinsa, man shafa wa kwanso, mazurari, katako mai ramuka da ake jera kwanso a ciki, abin zare kai idan an yi kuskure, da tabarau na kare ido.

Abu na farko da za ka saya, kafin injin ma, littafin awo ne na kamfanin da ya yi kan harsashin ko albarushin, kuma biyu sun fi ɗaya don ka gwama. Ba za ka ga awon albarushi a wannan rubutu ba, da gangan. Awo ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana tafiya ne da takamaiman albarushi, kai, kwanso, firaima da tsawo. Wanda ya ba ka lamba da baki ko a waya bai ba ka sauran biyar ɗin ba.

Idan kuɗi ya ragu, na'urar auna gudun harsashi ta cancanci saye. Ba ka da hanyar auna matsin da ke cikin bututu a gida, amma gudu ɗan'uwan matsi ne. Idan littafi ya ce awo kaza yana ba da ƙafa 2,700 a daƙiƙa, kai kuma kana ganin 2,850 da bututu mai tsawo ɗaya, ba sa'a ka yi ba, matsi ne ya wuce.

Yadda ake yi

Fara da tantance kwanso. Haska tocila cikinsa: rami ɗaya a tsakiyar gindi, irin Boxer ke nan, shi ake cikawa. Ramuka biyu ƙanana a gefe, irin Berdan ne, kuma zai karya maka allurar dayis. Na baƙin ƙarfe da na alminiyam a zubar. Kada ka gauraya kamfanoni, domin kaurin tagulla ya bambanta, kuma kwanso mai kauri cikinsa ya fi ƙunci, awo ɗaya zai ba da matsi mafi yawa a cikinsa. Kwanson soja haka yake. Wanda ka tsinta a filin harbi ba ka san sau nawa aka cika shi ba, kada ka kai shi farauta. Duk mai tsaga a wuya, a jefar. Sannan ka miƙar da ƙaramar waya ka lanƙwasa bakinta, ka zura ka karce bangon ciki kusa da gindi. In ka ji ta faɗa wani ɗan kwari da ya zagaye kwanson, tagullar ta sirance a wurin, kuma harbi na gaba zai iya raba gindin da jiki ya watso maka iska mai zafi a fuska.

Wanke su, ka bari su bushe sarai. Shafa mai kaɗan a jiki da cikin wuya. Rashin mai yana sa kwanso ya maƙale a dayis har gindinsa ya yage, sai da kayan haƙa za ka fitar da shi. Yawan mai kuma, musamman a kafaɗa, yana lotsa ta.

Ga harsashin farauta a matse kwanso gaba ɗayansa, ba wuya kaɗai ba, don ya shiga ɗakin bindiga ba gardama ko da ƙura. Amma a nan sabbin hannu ke kashe kwansonsu. Idan ka dunƙufar da dayis har ƙasa, kana tura kafaɗa baya fiye da kima. Kowane harbi sai tagulla ta miƙe ta cike gurbin, kuma daga kusa da gindi take miƙewa. Cika uku ko huɗu, ka sami kwarin nan da waya ke ji. Abin da ake so shi ne kafaɗa ta koma baya kamar inci 0.002, rabin kaurin takardar rubutu. Sauko da dayis kaɗan-kaɗan kana aunawa, har sakata ta rufe ba tare da ka danna ba.

Goge man, ka auna tsawo. Kwanso yana ƙara tsawo da kowace matsa. Na .308 iyakarsa inci 2.015 ne, ana datse shi zuwa 2.005; na .30-06 iyakarsa 2.494, ana datsewa zuwa 2.484. In ya wuce iyaka, bakinsa yana cusuwa a maƙogwaron bututu ya damƙe kan harsashi ya hana shi sakuwa da wuri, matsi ya yi sama ko da awonka daidai ne. Bayan datsa, goge bakin ciki da waje don kada ya kankare kai.

Sa firaima da tabarau a idonka, ɗaya bayan ɗaya, da matsi a hankali, ba da duka ba. Ta zauna har ƙasan gurbinta, ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso. Shafa yatsa a kai: in ka ji ta yi tudu, haɗari ce, domin sakata na iya tayar da ita kafin ta kulle. In kuma ta shige ba tare da ka ji wata turjiya ba, gurbin ya buɗe, kwanson ya gama aiki.

Yanzu albarushi, kuma nan ne ake kashe waya a rufe ƙofa. Gwangwani ɗaya tak a kan tebur. Karanta sunansa da lambarsa ka gwama da littafi harafi da harafi, domin sunaye suna kama da juna: IMR 4350 da H4350 da Accurate 4350 albarushi uku ne daban, haka H110 na Hodgdon ba N110 na Vihtavuori ba ne. Mafi muni shi ne a zuba albarushin ƙaramar bindiga mai saurin ci a kwanson raiful. Wannan ba ya ba da gargaɗi, bindigar fashewa take yi. Gwada sikeli da dutsensa, kashe fanka domin iska tana motsa shi, ka auna kowane awo. In ka gama zubawa, ɗauki katakon ka haska tocila a kan layin, ka ga kowane kwanso yana da albarushi kuma tsayinsa ɗaya da na maƙwabcinsa. Abin da ya rage a mazubi a mayar da shi gwangwaninsa nan take. Albarushin da aka manta sunansa ba shi da sauran amfani.

Zaunar da kai zuwa tsawon da littafi ya bayar, wanda ga .308 ba ya wuce inci 2.810. Masu gasar harbi sukan bar kai ya taɓa zaren bututu, wato layukan da aka sassaƙa a cikinsa. Maharbi kada ya yi haka. Ranar da ka sa harsashi ba ka harba ba, ka zo fitarwa, sai kan ya maƙale a bututu kwanso ya fito shi kaɗai, albarushi ya zube cikin kunama, farautar ranar ta ƙare. Kan jan ƙarfe zalla ma ya fi son tazara, kamfanin Barnes mai yin irinsa suna ba da shawarar a fara da inci 0.050 daga zaren, kuma yana da nasa awon dabam da na mai dalma ko da nauyinsu ɗaya. Bindiga mai jera harsashi a bututun ƙasa, irin .30-30, tana bukatar kai marar tsini da baki a damƙe, don tsinin na baya kada ya doki firaimar na gaba. Manyan harsasan ɓauna ma ana damƙe bakinsu, saboda dukan bindiga kada ya tura kan waɗanda ke jira ciki.

Hawa a hankali

Littafi yana ba da awon farawa da awon ƙarshe. In na ƙarshe kaɗai ya bayar, ƙa'ida ita ce a rage kashi goma cikin ɗari a fara daga nan, sai inda kamfani ya ce kada a rage wani albarushi haka. Cika uku zuwa biyar a kowane mataki, kana ƙara rabin giren ko ƙasa da haka, kana harbawa daga ƙarami zuwa babba, kana duba kowane kwanso kafin ka harba na gaba. Iyakar matsin da ƙungiyar SAAMI ta Amurka ta sa wa .308 shi ne fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, .30-06 kuma 60,000. Tayar mota ba ta wuce talatin da 'yan kai. Wancan ƙarfin na harsashi inci kaɗan yake daga idonka.

Alamun ka wuce gona da iri: sakata ta yi tauri wajen ɗagawa, wani ɗan tabo mai sheƙi ya fito a gindin kwanso inda tagulla ta kutsa ramin abin da ke fitar da kwanso, firaima ta baje gefenta ya ɓace, ko baƙin hayaƙi ya zagaye ta. Ka ga ɗaya, tsaya, ka zare kan sauran. Kuma ka sani sau da yawa waɗannan alamu ba sa bayyana sai an riga an haye iyaka, don haka rashin ganinsu ba izini ba ne na wuce littafi. Duk sanda ka sauya abu ɗaya, ko kamfanin firaima ne ko sabon gwangwani, koma ƙasa ka sake hawa.

Zafi yana ƙara matsi. Awon da ya zauna lafiya a sanyin Finlan zai iya riƙe sakata a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu da tsakar rana, ko bayan kwalin ya yini a gaban mota. Dalilin da ya sa Turawan Ingila suka yi wa harsasan Afirka irin .416 Rigby manyan kwanso masu ƙaramin matsi ke nan. Gwada harsashinka a irin zafin da za ka yi farauta, ka tsaya ƙasa da iyaka. Ragin gudun ƙafa hamsin a daƙiƙa ba ta taɓa hana dabba faɗuwa ba, amma kwanson da ya ƙi fita yana hana harbi na biyu.

Kunne ma yana aiki. In ka ja kunama ka ji ƙara marar ƙarfi, ko ba ka ji duka a kafaɗa ba, kada ka sa wani. Wataƙila firaima ce kaɗai ta tashi a kwanson da aka manta ba a zuba masa albarushi ba, ta tura kai ya tsaya a tsakiyar bututu. Cire sakata ka leƙa. Harbi a bayan wannan kai shi ne ke tsaga bututu kamar rake. Ka kuma tuna kamfanonin bindiga da yawa ba sa ɗaukar nauyin lalacewar da harsashin gida ya jawo.

Bindigar tsuntsu, da bindigar toka

Ga mai harbin agwagwa da fakara da bindiga mai lamba 12 (lambar faɗin bututu ce), ribar kaɗan ce, domin buhun ƙwayoyin dalma mai fam 25, wanda ke cika harsashi 400 in kowane yana ɗaukar oza ɗaya, shi ke cinye kuɗin, kuma na shago yana da araha. Masu lamba 28 da .410 su ne ke cin riba. A nan babu hawa a hankali: kwanson roba, toshiya, firaima, albarushi da nauyin ƙwaya duk sai sun zama daidai yadda littafi ya jera, ba musanya. Iyakar lamba 12 fam 11,500 ce kawai, bututunta siriri ne, kuma ba ta nuna alama kafin ta buɗe.

Ga gargaɗin da ya shafi maharban gida. Albarushin da ke cikin harsashin zamani, marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, ba ɗaya yake da baƙin albarushin da ake ɗura wa bindigar toka ba, ko da launinsu ya yi kama. Ƙarfinsa ya ninka, kuma yana ƙara saurin ci gwargwadon yadda aka toshe shi. Wanda ya yanka harsashi ya juye cikinsa a adaka ko harba-ka-ruga ya riƙe bam ne a tsakanin hannunsa da kuncinsa. Babu wani awo kaɗan da ya zama lafiya a wannan bindiga.

Ajiya da dalma

Albarushi ya zauna a gwangwaninsa na asali, wuri mai sanyi da bushewa, nesa da wuta, kuma ba cikin akwatin ƙarfe mai kullewa gam ba, domin in gobara ta tashi ana so ya ƙone ya huce, ba ya tara matsi ba. In ka buɗe ka ji wari mai yaji yana sukar hanci, ko ka ga ƙura mai launin tsatsa, ya lalace. Firaima ta zauna a faifanta. Kada a juye su cikin kwalba, domin ɗaya ta tashi duk sun tashi.

Dalma kuwa ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba, bayan yara ɗaruruwa da ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010. Tana cikin kan harsashi, tana cikin tokar yawancin firaima, kuma ƙurar da ke tashi wajen goge kwanso a bushe cike take da ita. Ba a ci ba a sha a teburin, a wanke hannu da sabulu, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, yara da mai juna biyu kada su shiga ɗakin.

Kafin a shiga daji

Kowane kwali ya sami takarda: kwanan wata, kwanso da sau nawa aka cika shi, firaima, sunan albarushi da awonsa, kai da nauyinsa, tsawo. Harsashin da ba shi da takarda, ko wanda wani ya cika ya ba ka kyauta, a zare kansa a yi amfani da kwanson kawai.

Na farauta a cika shi a kwanson da aka harba sau ɗaya ko biyu, tsofaffin a bar su ga filin gwaji. Duba mafi ƙarancin gudun da kan yake bukata kafin ya buɗe a jikin dabba, wanda ga da yawa yake wajen ƙafa 1,800 a daƙiƙa, ka san nisan da harsashinka ke sauka ƙasa da haka, nan ne iyakarka. Sannan a filin harbi, bakin bindiga na kallon tudun kariya, yatsa nesa da kunama, ka bi da kowane harsashin da za ka tafi da shi ta cikin bindigar, ya hau, sakata ta rufe, ya fito. Wanda ya yi tauri a ware shi.

Mai tafiya farauta wata ƙasa da jirgi ya sani kilo biyar na harsashi ake yarda da shi a kayan da ake aunawa, cikin kwalin da ya raba su ɗaya-ɗaya, albarushi da firaima zalla kuwa ba sa hawa jirgin fasinja sam. Kuma rubutun da ke gindin kwanso ya dace da wanda ke jikin bindiga da takardar izini. Masu cika sukan matse kwanson .30-06 ya koma .270 ko wani ɗan'uwansa, harsashin ya yi aiki lafiya lau, amma jami'in da ke duba kaya a filin jirgin Johanasbag gindin kwanso zai karanta, kuma in lambar ta saɓa da ta takarda yana da hurumin riƙe kwalin.